Hannun Asabe

"Ba za a yi ba," in ji Alhaji Babaji. "Na hwaɗa maka jiya, ina kuma maimaitawa yau. Auren nan ba za a yi shi ba, Almustafa!"

Duk ranar da Alhaji ya kira ɗansa da cikakken suna, mutanen gida sun san magana ta bar hira ta koma shari'a. Almu yana durƙushe a gefen buzu, cikin zauren gidansu na Ƙofar Sauri, kansa a sunkuye.

"Baba, don girman Allah ka saurare ni..."

"In saurari mi? Shekara talatin da ɗaya na yi ina magatakarda a gaban alƙali. Na rubuta shari'ar zagi, na rubuta ta ƙazafi, na rubuta ta mari. Ban taɓa rubuta wadda ɗiya ta durƙusa gaban uban wanda za ta aura ta yi mashi daƙuwa ba. A kaina aka fara!"

"Asabe ba za ta yi haka ba, Baba."

"Wato ƙarya nike?"

"Subhanallahi! Ban ce ba..."

"To, yatsu biyar na gani, a buɗe, nan gaban hancina. Malam Idi da ya raka ni ya gani, Ɗanladi direba ya gani. Shaidu biyu, baligai, masu hankali. Uwata Hauwa'u shekara ashirin tana kwance a makwancinta, sai jiya ɗiyar birkila ta tuno da ita. Tashi ka ba ni wuri."

Wannan al'amari ya faru ne a shekarar da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, suka shigo Katsina, lokacin da kowane akawu ya sayi babur, kowane lungu kuma aka jibge buhunan siminti. Malam Lado, mahaifin Asabe, daga wani ƙauye na ƙasar Rimi ya shigo birni yana ɗaukar kwanon yashi a ka. Da gine-gine suka yawaita sai ya zama birkilan da ake layi a kansa, har ya gina gidansa na bulo da rufin kwano a Kambarawa. Asabe ce babbar 'yarsa, ita ce kuma ta farko a danginsu da ta gama makarantar horon malamai, tana koyar da aji uku a firamare. A bakin makarantar Almu ya fara ganinta, ranar da ofishin ayyuka, inda yake akawu, ya aike shi ya ƙidayo bencina. Bencina arba'in ne, amma sai da ya yi zuwa huɗu yana ƙidaya.

Alhaji bai amince da wuri ba, domin gidansu ba su saba neman aure a bayan ganuwa ba. Sai da ya yi kwana uku yana bin tarihin zuriyarsa, ya tuna cewa kakansa ya taɓa auro 'yar manomi daga wajen gari, ita ce ma ta haifi limamin cikinsu. Da ya sami abin kafa hujja sai ya yarda. Aka kai gaisuwa, aka yi baiko, aka sa rana bayan Babbar Salla.

A ranar Laraba Alhaji ya tafi yi wa Malam Lado barka da tarewa a sabon gida. Malam Lado, don murna, ya kira Asabe ta fito ta gaida uban mijin da za ta aura. Ta fito da kwanon ruwa, ta durƙusa, ta ajiye. Alhaji ya buɗe baki ya ce, "Allah shi yi maki albarka," sai hannunta na dama ya zabura sama, yatsu biyar a ware, ya tsaya daidai fuskarsa. Bakinta kuma ya karkace kamar mai gatsine. Daga nan ta kai hannun kan ɗankwalinta ta gyara, kamar ba a yi komai ba.

Alhaji ya miƙe. Ya sa takalmansa ya fita. Sau biyu Malam Lado yana zuwa Ƙofar Sauri ban haƙuri, sau biyun ana ce masa Alhaji yana hutawa.

Ranar da mahaifinsa ya kore shi daga zaure, da aka yi sallar la'asar, Almu ya hau babur ɗinsa ya nufi Kambarawa. Ya daɗe tsaye a zaure kafin ta fito. Ta lulluɓe da mayafi har goshi, ta zauna a bakin dakali, ta danne hannun dama ƙarƙashin cinyarta. Ya lura ta rame. Ya kuma lura da hodar da ta shafa da yawa, wadda duk da haka ba ta rufe wani tabo mai duhu da ya bi kumatunta biyu ya haɗe ta kan karan hanci ba.

"Ina wuni, Malam."

"Lafiya lau, Asabe. Ya gida? Ya su Inna?"

"Lafiya lau suke."

"Ya jikin naki? An ce mini zazzaɓin ya dawo."

"Da sauƙi."

Ya gyara zama ya ce, "Tambaya ɗaya na zo da ita. Kin yi?"

"Na yi."

"Dube ni ki faɗa."

"Na ce na yi, Malam! Ka je ka bi maganar mahaifinka. Kayan da kuka kawo suna nan a ɗaure, ko allura ba a taɓa ba."

"Ke da kike sauka daga hanya in kin hango tsoho? Ke da ba kya iya faɗin sunana a gaban mutane? Asabe, wa kike so ki yi wa wayo?"

"Don Allah ka tafi..."

Ba ta rufe baki ba kafaɗarta ta yi tsalle. Hannun ya suɓuce daga inda ta danne shi, ya murɗa, ya wulla gefe ya bugi bango, sa'an nan ya miƙe zuwa fuskar Almu, yatsu biyar a buɗe. Ta cafke shi da na hagu ta janyo kamar mai kokawa da akuya, amma yatsun ba su daina motsi ba, suna lanƙwashewa suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya.

Almu ya miƙe tsaye. "Innalillahi! Asabe... tun yaushe?"

Sai a lokacin kuka ya ƙwace mata.

"Sati uku. Da alli ya fara, ina rubutu a allo sai in ga ya tashi sama, yara suna dariya. Sai cokali. Sai ƙafata ta riƙa shuri. Ba ni nake yi ba, wallahi ba ni ba ce! Idan ya zabura sai in kai shi kan ɗankwali, don a ce gyarawa nake. Abin da na yi ke nan a gaban Baba. Na saba, ban san na yi ba."

"Me ya hana ki faɗa a take? Me ya hana ki faɗa mini?"

"In ce me? Inna kaɗai ta sani, ko Babanmu ba a gaya wa ba. Gwaggo ta gan ni sau ɗaya ta ce iska ce, a kai ni a yi mini girka. Malam, ƙanne mata biyu gare ni. Idan aka ce Asabe ba ta da kunya, ni kaɗai aka zaga, shekara biyu an manta. Idan aka ce gidan Lado akwai iska, wa zai yi sallama da Ladi? Wa zai nemi Talatu? Har jikokinmu sai an nuna da baki."

"Shi ne kika zaɓi ki rasa ni?"

Ta ɗago jajayen idanu. "Ba zaɓa na yi ba. Ƙidayawa na yi, na ga mu uku ne, kai kuma kai ɗaya."

Almu ya koma ya zauna. Ya daɗe yana kallon yatsun nan da ba su san hutu ba, yatsun da suka ɗinka masa hular da ke kansa.

"Sanyin idona," ya ce a hankali, "kin iya lissafi, amma wannan kin faɗi. Shiga ki ce da Baba ina neman iso."

Da Malam Lado ya ji gaskiyar magana sai ya zauna a ƙasa daɓas, ya riƙe kai. Ya tuna a daren Laraba har ya ɗaga igiyar guga zai zabga mata, Inna ta shiga tsakani. Bai yi gardama ba da Almu ya ce asibiti za a fara zuwa. Likitan Katsina ya duba ta, ya rubuta takarda ya ce a wuce Zariya, can ne ake da kayan awon jini. Ranar Asabar suka shiga Fijo a tasha, Malam Lado da Almu a gaba, Asabe da Inna a baya, Inna tana rungume da hannun kamar jariri.

Likitan da ya karɓe su a Zariya sunansa Dakta Lawal, mutum ne marar gaggawa. Ya miƙa wa Asabe yatsunsa biyu ya ce ta damƙe kada ta saki. Ta damƙe, amma riƙon yana matsewa yana saki, yana matsewa yana saki.

"Kun gani?" ya ce. "Kamar mai tatsar saniya."

Ya tambayi ciwon gaɓoɓi, ya tambayi zubewar gashi, ya tambaya ko tabon fuskar yana ƙaruwa idan ta sha rana. Ya tambayi Inna ko hannun yana motsi idan tana barci.

"Ko kaɗan," in ji Inna. "Shi ya sa aka ce masu abin ne ke barinta ta huta."

"Ba masu abu, Inna. A kwantar da ita, mu ɗebi jini."

Bayan kwana tara ya tara su a ofishinsa. Ya ce sunan ciwon lufus. Ya ce a jinin kowane mutum akwai dakarun da Allah ya sa su tsare shi daga cuta, amma a wannan ciwo sai su rikice su far wa gidan da suke gadi. Su ne suka taɓa mata fata da gaɓoɓi, yanzu kuma sun taɓa wurin da ke riƙe da linzamin motsi a cikin ƙwaƙwalwa.

"Ƙwaƙwalwa?" Malam Lado ya zabura. "Wato dai... taɓuwa?"

"A'a. Hankalinta ya fi nawa. Linzamin hannu daban, hankali daban. Ba hauka ba ne, ba iska ba ce, ba a kuma ɗaukarsa a kwano ko a tabarma. Motsin nan zai lafa da magani, in Allah ya so, cikin makonni ko 'yan watanni. Amma ba zan ɓoye muku ba, shi ciwon ba ya barin jiki. Lallashinsa ake yi."

Almu ya roƙi a rubuta masa wannan bayani, aka buga hatimi. Washegari ya koma Katsina.

Alhaji ya sa tabarau ya karanta takardar tun daga kwanan wata har sa hannu, ya ninke ta yadda aka kawo ta, ya ajiye a gefen buzu.

"Takarda ba ta rantsuwa," ya ce. "Na ga takardu da hatimi sun fi wannan kyau, ƙarya ce tsagwaronta a ciki. Yau da kuɗi suka yi yawa a gari, mi ne ne ba a saye?"

"Baba, ciwo ne."

"Ciwon da ya san hanyar fuskata? Bai doki kwanon ruwa ba, bai doki ubanta ba, sai ni? Sa'an nan ta gyara ɗankwali! Mai ciwo salati yake yi, Almustafa, ba ya gyara ɗankwali."

Almu ya sunkuyar da kai. Ya san idan ya ɗaga murya ya rasa duka biyun.

"Baba, ban taɓa tsallake maganarka ba, yau ma ba zan fara ba. Idan ka ce a'a, ba zan aure ta ba. Sai dai ka yi mini afuwa, ba zan auri wata ba."

"Barazana ce?"

"A'a, sanarwa ce. Amma ina da tambaya, in ka ba ni izini."

"Yi."

"A shekara talatin da ɗayan nan, ka taɓa rubuta hukuncin da aka yanke ba a ji ta bakin wanda ake ƙara ba?"

Alhaji ya cire tabarau.

"Kuma ka taɓa ganin inda mai ƙara shi ne shaida, shi ne kuma alƙali?"

Alhaji ya ɗauki carbinsa ya ja ƙwaya uku.

"Sau ɗaya aka yi haka," ya ce daga bisani, "zamanin wani alƙali da ba zan ambaci sunansa ba. Da aka ɗaukaka ƙara, rushe hukuncin aka yi, ni na rubuta rushewar. Ka hwaɗa ma Ɗanladi shi duba mai da ruwa. Jibi za mu tahi. Ba don na yarda ba, sai don kada a ce Babaji ya yanke bai ji ba. Kuma kada ka aika masu cewa muna tahe."

Sun isa asibitin ana buɗe ƙofa ga masu dubiya, bayan la'asar. Wata nas ta tare su a bakin ɗakin mata. Da ta ji Alhaji ya ce "ɗiyata na zo gani, daga nesa muka taho," sai ta yi murmushi ta ce, "Katsinawan Dikko ke nan. Gado na ƙarshe, bayan labule."

Labulen bai rufe duka ba. Alhaji ya ɗaga hannu ya tsayar da ɗansa.

Asabe tana kan tabarma a gefen gado, ta fuskanci alƙibla, ta ba su baya ta gefe. Zaman tahiya take. Hannun hagu yana kwance a cinya yadda ya kamata. Na dama kuwa ta yi ƙoƙarin dunƙule shi ta miƙa manuniya, amma yatsun suka ƙi. Suka ware. Hannun ya tashi, ya miƙe gaba, yatsu biyar a buɗe, daidai alƙibla. Ta janyo shi, leɓunanta ba su daina karatu ba, hawaye yana sauka kan haɓarta. Ya sake tashi. Ta sake janyowa. Da ta yi sallama sai ta share fuska, ta dafa gado ta miƙe, ta sake ɗaga hannu za ta kabbara.

Inna, wadda ta hango su ta taso da sauri tana gyara lulluɓi, ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ashe kuna tahe? Kun sha hanya..."

"Wace salla ce wannan kuma?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"La'asar ce. Ta uku ke nan. Tun da abin ya same ta haka take, sai ta yi sau uku, sau huɗu, wai ta ɓaci. Na yi magana har na gaji."

Almu ya dubi mahaifinsa. Bai taɓa ganin fuskar nan haka ba. Alhaji ya yi gyaran murya ya yi sallama da ƙarfi.

Asabe ta juyo. Da ta ga ko wane ne sai ta zube a kan tabarma, ta tura hannun ƙarƙashin gwiwa ta danne da dukkan nauyinta.

"Ina... ina wuni, Baba."

"Lahiya lau. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Baba."

"Allah shi ƙara sauƙi. An ce sau uku kika yi la'asar. Wa ya ba ki wannan fatawa?"

"Ba kowa. Gani na yi... abin da hannuna ke yi... a gaban Ubangiji..."

Aka kawo masa kujera, ya ƙi zama. Ya tsaya yadda yake tsayawa idan zai karanta hukunci.

"Liman Audu na unguwarmu shekara tara yana jan mu salla kansa yana kaɗawa, hannunsa yana karkarwa, har Allah ya karɓi abinsa. Malaman birni duka sun bi shi, ba wanda ya taɓa ramawa. Abin da mutum bai yi da nufi ba, kuma ba shi da ikon hana shi, ba a rubuta mashi. Sallarki ta farko ta yi. Biyun da kika ƙara wahala ce kika ɗora ma kanki. Kada ki sake."

"To, Baba."

"Saura tawa shari'ar." Ya gyara tsayuwa. "Na zo da hujja ɗaya, cewa hannun nan ya san fuskata ya zaɓe ta. Yanzu na ga ya yi ma alƙibla abin da ya yi mani. Ba musulmar da za ta yi ma alƙibla daƙuwa tana kuka. Hujjata ta faɗi. In Mai alƙibla bai riƙe ki da laifi ba, wane ne Babaji?"

Inna ta fashe da kuka. Asabe ta kifa goshi a tabarma. "Ka gafarce ni, Baba..."

"Ba ki yi mani komi ba. Laifinki ɗaya, kin amsa laifin da ba naki ba, wannan kuwa shaidar zur ce a kan kai. Ni ne na mayar da ubanki daga ƙofata sau biyu. Wannan tsakanina da shi ne, zan kuma taka har Kambarawa."

Daga nan ya ce a kira masa likita, domin bai saba sa hannu a abin da bai karanta ƙarshensa ba. Dakta Lawal ya zo, Malam Lado ma ya dawo daga masallaci ya tsaya a rakuɓe. Alhaji ya yi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, likita ya amsa ba tare da ya sassauta ko ɗaya ba. Za ta sha magani shekara da shekaru. Maganin zai kumbura mata fuska. Ba ta ba shiga rana. Ciwon zai riƙa kwantawa yana tashi, wani tashin da sauƙi, wani kuwa yana iya taɓa ƙoda.

"Haihuwa fa?"

"Tana yiwuwa, Alhaji, amma da hatsari. Ciki na iya zubewa, yana kuma iya tayar da ciwon, har motsin ya dawo. Ba zan yi maka alkawarin jika ba."

Alhaji ya juya ga ɗansa. "Almustafa, ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Ka fahimta, ko a maimaita?"

"Na fahimta."

"Kana kan bakanka?"

Kafin ya amsa Asabe ta ɗago. "Malam, kada ka amsa don kunyar mutane. Ka ji abin da aka ce. Fuskar da ka gani a bakin makaranta ba ita za a kai maka ba. Na yafe maka alkawari, wallahi na yafe, duniya da lahira."

"Ni ban yafe miki ba," in ji Almu. "Bencina arba'in na ƙidaya sau huɗu saboda ke, har shugaban ofis ya ce ko in koma aji ɗaya. Wa zai biya ni wannan?"

Dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kuka. Ko nas ɗin da ke bakin labule sai da ta juya baya.

"Ina kan bakana, Baba."

"Shaidu sun ji," in ji Alhaji. "Rana tana nan inda aka sa ta. Wanda duk ya ce iska, a turo mani shi zaure, ni da shi."

Ya cika alkawari. Ranar Juma'ar da ta biyo bayan dawowar Malam Lado gida ya sa babbar riga ya tafi Kambarawa, ya zauna a zauren Malam Lado har maƙwabta suka taru, ya ba shi haƙuri a gabansu, ya kuma yi musu bayanin ciwon da bakinsa, dalla-dalla, kamar shi ne likitan. Tun daga ranar Gwaggo ba ta ƙara ambaton girka ba.

Asabe ta yi wata ɗaya da kwana goma a Zariya. Ta dawo fuska a cike kamar wata ɗan daren sha huɗu, tabon ya dushe, ƙafa da kafaɗa sun natsu. Hannun ne kawai bai gama sallamawa ba, yakan zabura idan ta tsorata ko ta ji kunya. Cikin kayan lefe, bisa umarnin Alhaji, aka sa laima biyu, abin da ba a taɓa gani a lefen Ƙofar Sauri ba. Mata suka yi ta magana. Da maganar ta kai kunnensa sai ya ce kowace al'ada akwai ranar da aka fara ta.

Aka ɗaura aure kwana goma bayan Babbar Salla. Da aka yi buɗar kai, aka kawo amarya ta gaida uban miji kamar yadda aka saba. Cikin gida ya cika da dangi, da yawansu kuwa ba gaisuwar suka zo gani ba, hannun suka zo gani. Almu yana tsaye daga bakin ƙofa.

Ta shigo a lulluɓe, ta durƙusa nesa da buzu. Ya ga ta zame hannun dama a hankali ta tura ƙarƙashin gwiwa, ta danne har kafaɗarta ta karkace.

"Ina kwana, Baba."

"Lahiya lau, ɗiyata. Kin tashi lahiya? Ya baƙunta?"

"Alhamdu lillahi."

Alhaji ya dubi gwiwar, ya dubi matan da suka yi cirko-cirko, sa'an nan ya ɗaga murya yadda na bayan ɗaki ma zai ji.

"Saki hannun nan, Asabe. Ya riga kowa gaishe ni, mun kuwa san juna. A gidan nan ba a danne shi."

Ta zare shi a hankali ta ɗora a kan cinya. Yatsun suka motsa sau ɗaya, sau biyu, suka ware kaɗan.

"Madalla," in ji Alhaji. "Yanzu miƙo mani ruwan nan da shi. Wancan karon ban samu na sha ba."